HAƘƘIN DOKIN DA KE KAN TURKE

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci dabbobi kuma ya hore mana su, har ya zamana ingarman da ya fi ƙarfin maza goma yana sunkuyar da kai a hannun yaro ƙarami. Muna shaidawa babu abin bautawa da gaskiya sai shi kaɗai, ba shi da abokin tarayya, kuma muna shaidawa Annabi Muhammadu bawansa ne, Manzonsa ne, wanda aka aiko shi rahama ga talikai baki ɗaya, masu magana da marasa magana. Tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku bayin Allah, ina yi wa kaina wasiyya, ina kuma yi muku, da jin tsoron Allah a fili da ɓoye, a cikin masallaci da kuma bayan gida inda aka kafa turke.

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, maganarmu ta yau a kan doki ce. Na san wani zai ce a ransa: ina ruwan mumbari da doki? To, ku ba ni hankalinku, zan ba ku labarin abin da ya kawo maganar.

Wasu shekaru da suka wuce wani maƙwabcina, mutumin kirki mai yawan salla cikin jama'a, ya tafi fatauci ya yi wata biyar, ya bar dokinsa a hannun yaran gida. Ya dawo saura kwana goma Salla. Da ya shiga barga sai ya tarar da dokin ya zube, ana ƙirga haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya, ƙasusuwan ƙugu sun fito, gashi ya tashi ya yi furu-furu, kai a sunkuye. Kunya da tausayi suka kama shi. Nan take ya aika kasuwa aka auno gero, ya riƙa zuba masa tiya guda da safe, tiya guda da marece, ga dusa a kai, yana nufin ya rama masa abin da ya rasa kafin ranar hawa. A daren kwana na uku dokin ya fara tonon ƙasa da ƙafa, yana waiwayen cikinsa, yana faɗuwa yana birgima, gumi yana zuba. Kafin kiran assalatu ya mutu. Bayan mun sallame sallar asuba sai mutumin nan ya matso kusa da ni, muryarsa tana rawa, ya ce: "Liman, ina tambaya don Allah, shin ni na kashe dokin nan?"

Amsar da na ba shi zan faɗa muku a ƙarshe in Allah ya so. Amma tambayar ta shafi mutane da yawa daga cikinmu, domin a shekarun nan Salla tana faɗowa a tsakiyar wahalar dabbobi. A 2024 an yi ƙaramar Salla cikin Afrilu, a 2025 a ƙarshen Maris, layya kuwa duk shekarun biyu cikin Yuni aka yi ta. Wannan shi ne lokacin da daji ya ƙone, karan gona ya ƙare, damin harawa ya yi tsada, kuma shi ne lokacin da ake son a ga dawaki sun fito hawan Salla a Damagaram, da Maraɗi, da Tsibirin Gobir, da Tasawa. Sai a rufe haƙarƙari da jalala mai ado, a ɗaura sirdi a kan gyambo, a yi ta sukuwa jama'a suna tafi. Mutane jalala suke gani. Allah kuwa yana ganin abin da ke ƙarƙashinta.

MATSAYIN DOKI A MUSULUNCI

Ya ku bayin Allah, doki ba ƙaramar halitta ba ce a wurin Ubangijinsa. Allah Ta'ala ya yi rantsuwa da dawaki masu gudu a farkon Suratul Adiyat, kuma Allah ba ya rantsuwa da abin banza. A Suratun Nahli, aya ta 8, ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna cikin ni'imominsa, ya bayyana cewa ya yi su domin hawa da kuma ado. Saboda haka ado da doki ba laifi ba ne, hawan Salla ba laifi ba ne. A Suratu Sad an ba mu labarin dawakin Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ba da labarin alheri yana ƙulle a goshin dawaki har ranar tashin ƙiyama. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa an ga Manzon Allah (SAW) yana shafe fuskar dokinsa da mayafinsa, da aka tambaye shi sai ya bayyana cewa an yi masa faɗakarwa cikin dare game da dawaki. Ku duba, shugaban halitta, da mayafin da yake yafawa!

Sai dai kuma ya zo a hadisi ingantacce cewa dawaki iri uku ne gwargwadon masu su. Akwai wanda dokinsa lada ne a gare shi, shi ne wanda ya ɗaure shi saboda Allah. Akwai wanda dokinsa sutura ne, shi ne wanda ya riƙe shi don biyan bukata da kame kai, bai kuwa manta haƙƙin Allah a kansa ba. Akwai kuma wanda dokinsa zunubi ne, shi ne wanda ya ɗaure shi don alfahari da riya da gaba da Musulmi. Kowane mai doki ya tambayi kansa a wane kashi yake. Wata alama da za ta taimake shi wurin amsa ita ce wannan: wanda kuɗin kayan adon dokinsa ya fi kuɗin harawarsa na shekara, to ya binciki niyyarsa.

RAMAR DABBA ABIN TAMBAYA CE

Abu Dawuda ya ruwaito daga Sahlu ɗan Hanzaliyya, Allah ya yarda da shi, cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani raƙumi wanda yunwa ta manne cikinsa da bayansa, sai ya umurci mutane da su ji tsoron Allah game da dabbobin nan da ba su iya magana, su hau su suna da ƙoshi, su ci su suna da ƙoshi. Ya kuma ruwaito daga Abdullahi ɗan Ja'afar cewa Annabi (SAW) ya shiga garkar wani mutumin Madina, wani raƙumi ya gan shi ya yi kuka, idanunsa suna zubar da hawaye. Annabi (SAW) ya shafa shi har ya natsu, ya nemi mai shi, ya gaya masa cewa raƙumin ya kawo ƙararsa a kan abu biyu: yana barinsa da yunwa, yana kuma gajiyar da shi da aiki. Kun san kuma labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, wadda ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba.

Ku lura da laifin matar nan, ya ku jama'a. Ba a ce ta doke ta ba. Tsarewa ta yi, ta hana abinci. To, mene ne turke in ba tsarewa ba? Dokin da ke sake a daji arzikinsa yana tsakaninsa da Ubangijinsa. Ranar da ka sa masa dabaibayi ka ɗaure shi a turke, ka ɗauke masa hanyar nema, ka mai da cikinsa a wuyanka.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya ba su bar wannan a matsayin nasiha kawai ba, hukunci suka mai da shi. Shehu Halil a cikin Muhtasar, a babin ciyarwa, ya tabbatar da cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyayar da za ta ci ta ƙoshi, kuma idan ya ƙi ko ya kasa, sai a sayar da ita. Mai sa ko rago yana da wata ƙofa, wato ya yanka. Mai doki ba shi da ita, domin abin da ya shahara a mazhabarmu shi ne haramcin cin naman doki. Ke nan hanya biyu ta rage masa: ya ciyar, ko ya fitar da shi daga hannunsa ta sayarwa ko kyauta. Hanya ta uku, wato ya bar shi yana lasar ƙasa a turke don kada a ce wane ya sayar da dokin gidansu, ba ta cikin shari'a. Ku tuna kuma an ɗauke wa Musulmi zakka a kan dokin hawansa. Wanda aka yafe wa zakkar, me zai ce idan aka tambaye shi harawar?

Wani zai ce: "Malam, ƴaƴana ma ba su ƙoshi ba, ina zan samo na doki?" Gaskiyarka, ɗan'uwa, iyali su ne gaba, babu saɓani a kan wannan. Dattawanmu sun ga 1973 da 1984, mu ma mun ga 2005 da 2010, lokacin da mutum da dabba suka riƙa neman abu guda. Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba ya iyawa. Amma abin da kake iyawa shi ne ka kai dokin ƙauye wurin mai makiyaya, ko ka sayar da shi tun yana da daraja ka ciyar da gidanka da kuɗin. Babu abin kunya a nan. Abin kunya yana ranar da dabba za ta tsaya ta yi ƙara.

Wani kuma zai ce: "Ai dokina na sukuwa ne, ƙiba ba ta yi masa kyau." To, Larabawa sun riga ka sanin wannan. Ibnu Umar, Allah ya yarda da su, ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya sa an yi tsere tsakanin dawakin da aka horar, daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuwa aka gajarta musu, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Malamai sun bayyana yadda ake wannan horon: ana ciyar da doki ne tukuna har ya cika ya yi ƙarfi, sannan a riƙa rage masa sannu-sannu, a lulluɓe shi ya yi gumi, kitse ya tafi, tsoka ta tsaya. Da ƙoshi ake farawa. Dokin da aka horar cikinsa a ɗame yake, amma cinyarsa a cike, idonsa a buɗe. Wanda yunwa ta cinye kuwa, tsokar ce ta tafi.

Ina faɗin wannan magana tawa, ina neman gafarar Allah gare ni da ku. Ku nemi gafararsa, lalle shi Mai gafara ne, Mai jin ƙai.

HUƊUBA TA BIYU: YADDA AKE MAYAR WA DOKI DA JIKINSA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Ya ku bayin Allah, ƙa'ida ce a wurin malaman usulu cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Idan ciyar da doki wajibi ne, to sanin yadda ake ciyar da shi ya zama dole ga mai shi. Maƙwabcina niyyarsa kyakkyawa ce, ilimin ne babu. Saboda haka bayan abin nan ya faru na zauna da wani likitan dabbobi da ke salla tare da mu, na kuma zauna da tsofaffin da suka yi rayuwarsu a barga, kuma na tarar maganarsu ta haɗu a wuri guda. Ga abin da na tattaro muku.

Na farko, ka san girman ramar. Masana sun yi wa jikin doki ma'auni daga 1 zuwa 9, wanda wani malami mai suna Henneke ya tsara a Jami'ar Texas A&M ta Amurka a 1983. Ana duba wuri shida da ido da kuma tafin hannu: wuya, da doron kafaɗa inda gaban sirdi yake zama, da bayan kafaɗa, da haƙarƙari, da gadon baya, da gindin wutsiya. Mataki na 5 shi ne daidai, wato ba ka ganin haƙarƙari da ido amma kana jinsa idan ka shafa. Idan ana ganinsa kaɗan, doki ya fara ramewa. Idan ana ƙirga shi daga nesa, ƙashin baya ya fito kamar kunya a gona, ƙugu ya tsaya kamar maratayi, to ya kai matakin haɗari, kuma wannan sai da likita.

Na biyu, ka nemi dalilin ramar kafin ka ƙara abinci, domin ba kowace rama ce ta rashin abinci ba. Haƙoran doki suna ci gaba da fitowa tsawon rayuwarsa, gefensu yakan yi kaifi ya yanki kunci da harshe, sai ya kasa tauna. Alamarsa ita ce ka ga yana zubar da dunƙulen ciyawa daga baki, ko ka ga ƙwayar hatsi ta fito a kashinsa yadda ta shiga. Likita yana goge kaifin da magagari. Akwai tsutsar ciki, wadda take cinye abin da ka zuba. Akwai kaska da cututtukan jini da take kawowa. Akwai gyambon sirdi da ciwon kofato, domin dabbar da ke jin zafi ba ta cin kirki. Akwai goɗiya mai shayarwa, wadda bukatarta ta kusan ninka ta sauran. Akwai kuma tsohon doki ko mai sanyin hali da ake haɗawa da wasu a komi guda, su ture shi su cinye. Wanda ya zuba hatsi a kan tsutsa da mugun haƙori, tamkar mai ɗiban ruwa ne da kwando. Maganin tsutsa kuwa, likita ne zai faɗi lokacinsa da awonsa, musamman ga dokin da ya galabaita, kada a saya a tebur a ɗura masa da ka.

Na uku, ka san yadda Allah ya gina cikinsa. Doki ba ya tuƙa kamar sa ko raƙumi. Duk girmansa, tumbinsa ƙarami ne, abin da yake ɗauka bai wuce lita 8 zuwa 15 ba, kuma ba ya iya amai. An halicce shi ne ya riƙa tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan, har awa 16 a yini da dare idan yana sake. Ciyawar tana narkewa ne a babban hanjinsa, da taimakon wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Idan aka antaya masa hatsi mai yawa a lokaci guda, sai ya wuce zuwa can bai narke ba, ya yi tsami, iska ta cika ciki, guba ta shiga jini. Daga nan ciwon ciki yake zuwa, daga nan kuma ake samun ciwon da ke kama kofato ya yi zafi har doki ya kasa taka ƙasa.

Ga wanda ya daɗe cikin yunwa akwai haɗari na daban. Jikinsa ya riga ya cinye ajiyarsa. Idan abinci mai ƙarfi ya shigo kwatsam, wasu gishirin da ke cikin jini sai su ruga cikin tsoka, jini ya rasa su, zuciya da numfashi su kasa, dabba ta faɗi bayan kwana 3 zuwa 5 da fara ci, a daidai lokacin da mai ita yake murna. Likitocin mutane sun san irin wannan a wuraren da ake jinyar yara masu tamowa, shi ya sa ba su fara su da tuwo.

Na huɗu, ka fara da harawa, ka jinkirta hatsi. A 1998 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun gwada abinci iri-iri ga dawakin da yunwa ta galabaitar, suka ga wanda ya fi aminci shi ne wata harawa mai ganye da ake kira alfalfa. A cikin abin da muke da shi, harawar wake da ta gyaɗa su ne danginta. Tsarin da suka bayar shi ne: kwana uku na farko a ba shi kamar rabin kilo duk bayan awa 4, wato sau shida a yini da dare. Daga kwana na huɗu a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan ana rage yawan lokutan, har ya kai kamar kilo 2 sau uku a yini. Bayan kwana 10 a bar shi ya ci iya cinsa. Hatsi kuwa sai jiki ya fara dawowa sosai. Dawakinmu sun fi nasu ƙanƙanta, saboda haka a rage kaɗan a farkon, ba a ƙara ba. Wanda ramarsa ba ta kai can ba, bai bukaci wannan tsanani, amma ƙa'idar guda ce: ciyawa tukuna.

Awon da aka sani shi ne doki yana bukatar busasshiyar ciyawa kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa kowace rana. Dokin da ya kai kilo 300 ke nan kilo 6, wanda ake son ya ƙara jiki kuwa har 7 ko 8. A haɗa masa harawa da ciyawa mai kyau irin gadagi da harkiya da kyasuwa da aka yanka tun suna da ganye, mutanen bakin kogi kuma suna da burgu. Karan gero da ya bushe ya yi fari cika ciki kawai yake yi, ba ya gina jiki. Kada komi ya kwana babu ciyawa.

Na biyar, idan lokacin hatsi ya yi, a shigo da shi da tafin hannu. A fara da tafi biyu ko uku, a riƙa ƙarawa cikin mako ɗaya zuwa biyu, a raba shi sau biyu ko uku a yini, bayan ya ci ciyawa. Ga dokin kilo 300, kada ci guda ya wuce kilo ɗaya da rabi ko da ya saba. Tiya guda ta gero ta kai wajen kilo biyu da rabi, kun ga ke nan abin da maƙwabcina ya zuba wa cikin da ya yi wata biyar a bushe. Dusa tana da amfani, amma a jiƙa ta, kuma kada ta zama ita ce abincin, domin dusa zalla tana raunana ƙashi har fuskar doki ta kumbura; harawar wake ita ke gyara wannan. Man gyaɗa kaɗan a cikin dusa yana taimakon ƙiba idan an saba masa sannu.

Na shida, ruwa da gishiri. Doki yana shan lita 20 zuwa 40 a yini, a bazara ya fi haka. Shayarwa sau ɗaya ba ta isa, kuma ƙishirwa tana hana ci, tana kuma toshe hanji. A ajiye masa kantun gishiri ya lasa da kansa, kanwa kuwa kaɗan kamar yadda iyaye suke yi. A yi masa inuwa.

Na bakwai, abubuwan da za a kiyaye. Kada a zuba masa abinci a kan rairayi, domin yashi yana taruwa a hanji ya kawo ciwon ciki da zawo da rama. A sa a komi ko a kan tabarma. Kada a ba shi hatsi ko harawa ko tunkuza da suka yi fumfuna, musamman masara, domin gubarta tana taɓa ƙwaƙwalwar doki ta kashe shi. A nisantar da shi daga gyauron dawa. Kada a ba shi abincin kamfani da aka haɗa don kaji ko shanu, domin wani yana ɗauke da maganin da yake guba ne ga doki. Sannan a sauke masa sirdi da amalanke har ya murmure, a riƙa jan sa da ragama yana ɗan takawa safe ko marece. An ruwaito cewa Halifa Umaru ɗan Abdul'aziz ya rubuta zuwa Masar yana iyakance nauyin kayan da za a ɗora wa raƙumi. Wannan ya nuna masu iko da sarakunan barga su ma suna da haƙƙin hana a hau dabbar da ba ta iya ɗauka.

Na ƙarshe, haƙuri. Hawa mataki guda a ma'aunin nan yana cin kimanin wata biyu, wanda ya galabaita ƙwarai kuwa yakan ɗauki wata 3 zuwa 5 kafin ya dawo. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mai son dokinsa ya fito Salla, tun kaka zai tara harawa a kan rumfa, lokacin da take da araha. Idan Salla ta zo dokinka bai dawo ba, ka tafi idi da ƙafa. Wallahi tafiyar nan ta fi maka alheri.

Ya ku ƴan'uwa, kada wani ya ga wannan hidima kamar ƙasƙanci. Imamu Ahmad ya ruwaito cewa Rauhu ɗan Zinba'u ya ziyarci sahabi Tamimud Dari, Allah ya yarda da shi, ya tarar da shi yana tsince sha'ir domin dokinsa da hannunsa, ga iyalinsa kewaye da shi. Ya tambaye shi ko babu wanda zai ɗauke masa wannan aiki. Tamimu ya amsa cewa akwai, sai dai ya ji daga Manzon Allah (SAW) cewa Musulmin da ya tsince wa dokinsa sha'ir ya kai masa, ana rubuta masa lada a kan kowace ƙwaya. Kun san kuma mutumin da aka gafarta masa don ya shayar da kare, inda Annabi (SAW) ya sanar da sahabbai cewa akwai lada a kyautata wa duk mai rai. Wanda ba shi da doki, yana da jaki, ko ragon layya, ko kaji a akurki. Wanda ba shi da ko ɗaya, akwai ɗan aiki ko almajiri ko maraya a ƙarƙashinsa, haƙƙinsu kuwa ya fi girma nesa.

Yanzu ga amsar da na ba maƙwabcina. Na ce masa: "Alhaji, geron da ka zuba kuskure ne na rashin sani, da nufin alheri ka yi shi, muna kuma fatan Allah ba zai kama ka da shi ba. Abin da za ka nemi gafara a kansa shi ne wata biyar ɗin da ka yi ba ka bar abin ciyarwa isasshe ba, ba ka damƙa shi ga wanda ya iya ba, ba ka kuma aiko ka tambaya ba." Ya yi kuka, ya tuba, ya yi sadaka. Daga baya ya sayi wata goɗiya ramammiya da araha, ya yi wata huɗu yana kai mata harawa da hannunsa bayan kowace salla. Bai hau ta a Sallar shekarar ba. A ta gaba ya hau ta, ɗan dukushinta yana biye.

Manzon Allah (SAW) ya sanar da mu cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Haka cikin doki yake, haka zuciyar mai tuba take. Saboda haka duk wanda ya bar wata dabba ɗaure a gida, idan an sallame kada ya zarce majalisa. Ya je ya ɗora tafin hannunsa a kan haƙarƙarinta, ya duba komi, ya duba ruwa.

Ya Allah ka gafarta mana abin da muka tauye na haƙƙin bayinka, masu magana da marasa magana. Ya Allah ka sanya tausayi a zukatanmu, ka ba mu ilimi mai amfani. Ya Allah ka ba mu damina mai albarka, ka shayar da bayinka da dabbobinka, ka rayar da ƙasarka, kada ka hana mu ruwa saboda zunubanmu. Ya Allah ka zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya, da sauran ƙasashen Musulmi, ka shiryi shugabanninmu, ka jiƙan iyayenmu da malamanmu. Ya Allah ka yi daɗin tsira ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Amin.

Ku tashi mu yi salla, Allah ya yi muku rahama.